Tekun Malam Halliru

A shekarar Udoji, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka wayi gari da sabon agogo da sabuwar rediyo da sabon taku, aka turo Malam Halliru Wudil da wani muƙami mai tsawon da shi kansa sai ya ja numfashi kafin ya faɗe shi. Wani babba ne a hedikwata ya je kwas ƙasar waje ya dawo da dabara: fursunan da ya nuna halin kirki a sake shi tun wa'adinsa bai cika ba, ya koma gida, a sa jami'i ya riƙa leƙa shi har wata shida. In ya zauna lafiya a yafe masa sauran, in ya yi wargi a tasa ƙeyarsa ya je ya ƙarasa. Kuɗin mai kuwa a lokacin sun rasa inda za su sa kansu, don haka ba wanda ya tsaya tambayar ko abin zai yiwu. Aka buga fom, aka sayo babura, aka ɗauki ma'aikata.

Mutanen Wudil ba su wahalar da harshensu da sunan muƙamin na Turanci ba. Ran wata Juma'a Halliru ya tsaya a kara, wato kasuwar shanu, yana yi wa wani dillalin shanu bayanin aikinsa tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa. Dillalin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Au, talala ke nan! Ka saki igiya da tsawo, sa ya yi ta kiwo yana ganin ya kuɓuta, turke na nan inda yake." Kafin la'asar sunan ya zaga gari. Mutumin da ya yi shekara biyu a Zariya yana karatun walwalar jama'a ya koma Malam Talala, kuma don ƙarin haushi ɗakin da aka ba shi na ofis a bayan asibitin dabbobi yake.

Mutum biyar ne a kan igiyarsa. Huɗu ba su ba shi wahala ba, domin kowa ya san abin da suka yi, su ma sun san an sani, sai su zo su dangwala hannu su kama gabansu. Na biyar ɗin shi ne Gwadabe, ɗan koren shanu daga wani ƙauye da ake kira Unguwar Wali, can bayan Darki. Dogo ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya kai shanu wani gari mai nisa, cacar baki ta haɗa shi da wani ɗan kamasho a tasha, ɗan kamashon ya zagi uwarsa, shi kuwa Gwadabe sanda na hannunsa. Hannun mutumin ya karye gida biyu. Alƙali ya ba shi shekara huɗu, ya yi uku ba wata biyu, saura wata goma sha huɗu.

Ranar da ya fara zuwa ofis bai hau benci ba, a ƙasa ya durƙusa ya cire hula yana murza ta.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. Don girman Allah kada ka zo garinmu."

"Ikon Allah! To a ina zan gan ka, a mafarki? Doka ta ce sau biyu a wata in ga gidanka, in ga gonarka, in ga da su wa kake zama."

Gwadabe ya waiga ƙofa, ya ƙara rage murya. "Wato, ranka ya daɗe, a garinmu ba wanda ya san inda na je. A Ikko suka san nake. Wani abokin zamana a can ciki ya iya boko, shi yake rubuta min wasiƙa, na ce na sami aiki a bakin ruwa, muna sauke kayan jirgi. Shekara ukun nan a haka muke."

"Ƙarya ka shirga musu ke nan."

"Ba don kaina ba ne. Tsohuwata ce. Ni ne ɗanta na fari, ni kaɗai ne namiji. In ta ji ɗanta ya share kwata da gajeren wando ganduroba na tsaye a kansa, wallahi ba za ta ga kaka ba."

Halliru mutum ne mai son a san ya yi karatu, amma ba mugu ba ne. Ya buga biro a tebur, ya yi tsaki, ya karanto sashe kaza na dokar aiki, sannan a ƙarshe shi da kansa ya kawo shawara. Zai je, tunda dole ne, amma a matsayin akawun kamfanin da Gwadabe ya yi wa aiki a Ikko, wanda aka yi wa canji zuwa Wudil, yake leƙo tsohon yaronsa don zumunci. Gwadabe ya kama hannunsa da hannu biyu yana sa albarka har Halliru ya ji kunya ya fizge.

Matsalar ɗaya ce. Halliru bai taɓa wuce Zariya ba. Ruwan da ya fi kowanne girma a idonsa shi ne kogin Wudil a tsakiyar damina, in ka tsaya a kan gada ka leƙa.

Ranar ziyarar farko ya ɗora babbar riga a kan kakinsa, ya ɗaure tsumma a kan rubutun gwamnati da ke jikin tankin babur, ya tsaya kasuwa ya sayi kwakwa uku a matsayin tsarabar bakin teku. A ƙofar gidan mai unguwa, wani tsoho mai sanyin magana da ake kira Dattijo, aka shimfiɗa masa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da gajiya da ruwan sama, aka sake gaisawa. Maza suka fara taruwa ɗaya-ɗaya, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, wai sun zo ganin mutumin Ikko.

"Malam," in ji wani, "tekun nan da ake faɗa, ya kai kogin Wudil biyu?"

"Biyu? Ka ce goma."

"Kai!"

Wannan "kai" ɗin ita ta ɗebe shi. Ya tuna abin da ya karanta a jarida game da jiragen siminti da suka yi cirko-cirko a bakin ruwa suna jiran a sauke su, ya zuba musu shi da ƙari. Ya ce in ka hau jirgin farko kana iya takawa daga wannan zuwa wancan yini guda ƙafarka ba ta taɓa ruwa ba. Aka yi salati. Duk wanda ya juya ga Gwadabe don neman ƙarin bayani sai ya ce, "Ai Malam ya fi ni sani. Shi a ofis yake, ni kaina na ƙarƙashin buhu."

"To da rani fa, Malam?" in ji mai unguwa. "Yana nan yadda yake?"

"Haba, Baba, wane ruwa ne ba ya janyewa da rani? Yakan janye mana. Sai ka ga yashi fetal iya ganinka, mutane su shiga su kama noman rani. Albasa, tumatir, tattasai."

"Da ruwan tekun ake ban ruwan?"

"Da shi mana, ga shi a kusa."

Wani tsoho mai faɗin kafaɗa da ake kira Sabo, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, tari ya sarƙe shi. Ya rufe baki da hannun riga, kafaɗun nan suna rawa, har idonsa ya kawo ruwa. Da ya lafa ya share ido ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara sani."

Daga ran nan tekun Malam Halliru bai daina girma ba. Duk zuwa sai an tambaya, duk tambaya sai ya ƙara. Ya zuba masa kifin da sai da zarto ake yanka shi. Ya sa masuntan Ikko suna ƙetare shi a kan gora, irin yadda na Wudil ke yi, sai dai tasu gorar ta ɗauki mutum shida. Tun yana yi da faɗuwar gaba har ya koma yana shirya labarin tun a hanya, yana dariya shi kaɗai a kan babur. Gaskiyar magana, a duk faɗin ƙasar Wudil nan ne kaɗai ba a ce masa Malam Talala, nan ne kaɗai ake yin tsit in ya buɗe baki, kuma abin yana yi masa daɗi ƙwarai.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambayarsa teku ba, ita ce Iya Barakatu, uwar Gwadabe. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kullum tana gindin rumbu da mazari tana kaɗi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunan ɗanta, sai dai ta ce "abokin naka". Tambayoyinta daban ne, kuma ba ta ɗaga ido daga zaren in za ta yi su.

"Malam, a can ana ba su abinci ya ishe su?"

"Sosai, Iya. Sau uku."

"In sanyi ya zo ana ba su abin rufa?"

"Kowa da bargonsa."

"In mutum ba shi da lafiya ana duba shi, ko sai dai a ce ya tashi?"

"Akwai likita, Iya."

Sai ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da kaɗinta. Halliru kuwa ya yi murmushi a ransa, wai tsohuwar ƙauye ta ɗauka kamfani ma gidan gandu ne, maigida ke ciyarwa ya tufatar. A rahotonsa na wata ya rubuta cewa mutanen garin bayin Allah ne masu sauƙin kai, abin da ka gaya musu shi ke nan. Ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, don ta burge shi.

Shi dai Gwadabe ya zauna lafiya. Ya kama gonarsa, wadda ya tarar ba ta yi saura ba ko shekara ɗaya, gero ya yi kyau, ya yi ƙiba har wuyansa ya cika. Ko zakara bai daka ba. Halliru har ya fara hango ranar da zai rufe fayil ɗin ya aika hedikwata a matsayin abin misali.

Ana cikin wata na biyar takarda ta iso daga Kano, da sabon fom a liƙe, Fom na Tara. Ba za a rufe fayil ɗin kowa ba sai jami'i ya tara mai unguwa da dattawa biyu, ya karanta musu fom ɗin, ya fassara da Hausa, su dangwala hannu a kan sun san laifin da mutumin ya yi, sun san ɗaurin da aka yi masa, kuma sun karɓe shi. Wanda fom ɗinsa bai iso ba zuwa ƙarshen wata na shida, an ɗauka jama'arsa sun ƙi shi, a mayar da shi ya ƙarasa.

Halliru ya karanta sau uku, ya hau mota ya tafi Kano. Ya sami shugabansa a bakin ofis yana zagaya sabuwar Fijo yana shafa ta da hankici. Ya yi bayani iya bayani. Shugaban ya saurara da rabin kunne, sannan ya ce, "Malam Halliru, ai manufar shirin ke nan gaba ɗaya, jama'a su karɓi mutum. To ta yaya za su karɓi wanda ba su san an ɗauke ba?" Ya buɗe ƙofar motar ya rufe don ya ji ƙararta. Maganar ta ƙare a nan.

Ran Juma'a ya sami Gwadabe a kara, ya ja shi gefe bayan wata motar shanu, ya gaya masa. Gwadabe ya dubi ƙasa, yana tona ta da babban yatsan ƙafa.

"To a mayar da ni, ranka ya daɗe."

"Me ka ce?"

"A mayar da ni. Sai mu ce kamfani ya sake kira na, jirage sun yi yawa. Wata goma sha huɗu ai kamar gobe ne."

"Kai, kana da hankali kuwa? Geronka ya kusa isa yanka! Matarka Mairo ga ciki! Tsohuwar da kake yi dominta, ka tabbata za ka dawo ka same ta?"

Idon Gwadabe ya kaɗa ya yi ja. "In ban same ta ba, ta tafi tana sa wa ɗanta na Ikko albarka. In aka karanta takardar nan a ƙofar gidan mai unguwa, ko tana da rai ban san da wane ido zan dube ta ba. Ni dai ka taimake ni, ka ce su zo su ɗauke ni a nan Wudil, kada mota ta shiga garinmu."

Ran Halliru ya ɓaci, ɓacin da ya rasa wanda zai sauke wa. Wata biyar yana rubuta cewa mutumin nan ya gyaru, ga shi yanzu takardar da aka ƙirƙiro don a tabbatar ya zauna a gida ita za ta fitar da shi daga gidan. Ya kwana biyu yana juya fom ɗin. A rana ta uku ya lura da wani abu da ya sa shi miƙewa tsaye: fom ɗin da Turanci yake, kuma mai karantawa da mai fassarawa duk mutum ɗaya ne, shi. A Unguwar Wali kuwa mai jin Turanci ɗaya ne tak, Malam Ƙasimu na firamare, ga shi an ba da hutu.

Ya isa da hantsi, da fom da tawadar dangwale a aljihu. Abin da ya fara tambaya bayan gaisuwa shi ne ko Malam Ƙasimu na gari. Aka ce ya tafi garinsu. Ya ce ayya, ya so su gaisa. Mai unguwa ya aika aka kira liman da Sabo. Gwadabe ya rakuɓe a ƙarshen tabarma, a tsorace, don Halliru ya ce masa kawai ya zo ya yi shiru.

Halliru ya gyara murya ya karanta Turancin da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin. Takardar cewa take: mu da muka sa hannu a ƙasa mun san an ɗaure wannan mutum shekara huɗu saboda ya ji wa wani rauni, mun yafe, mun karɓe shi a matsayin ɗanmu. Da ya zo fassara sai ya ce, "Kamfanin jiragen ruwa na Ikko yana gaida mai unguwa da liman da dukkan jama'a. Yana shaida muku cewa Gwadabe ya yi aiki shekara uku ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Yanzu ana so ku dangwala hannu a kan ya iso gida lafiya, kun gan shi, kun karɓe shi, don a rufe littafinsa." Gumi na bin bayansa a ƙarƙashin riga biyu. Bai taɓa sanin ƙarya na da nauyi haka ba sai da ya yi ta da hatimin gwamnati a hannu.

Mai unguwa ya ce madalla, ya miƙo yatsa. Sabo ya dangwala nasa ba tare da ko tari ba. Liman ne ya tsaya, ya riƙe takardar ta kai-ƙasa yana dubawa.

"Malam, abin da ke rubuce a nan gaskiya ne?"

Halliru ya dubi takardar. "Abin da ke rubuce... gaskiya ne, Allah gafarta Malam."

"To a kan abin da ke rubuce nake dangwalawa," in ji liman, ya danna yatsansa sosai.

Aka shafa fatiha. Gwadabe ya tashi ya ce bari ya je ya gaya wa tsohuwa Malam zai wuce. Halliru ya ninke fom ya sa a aljihu, zuciyarsa fes. Shi kaɗai, da basirarsa da karatunsa na Zariya, ya yi wa hedikwata wayo, ya yi wa gari guda wayo, ya ceci mutum. Har ya fara tausayin mutanen.

Mai unguwa ya ce zai taka masa. Halliru na tura babur, tsohon na gefensa da hannuwa a baya, suka bi ta tsakanin gonakin gero. Sai da suka yi nisa da jama'a Dattijo ya ce, a cikin muryar da ake tambayar farashin goro, "To Malam, wata goma sha huɗun nan da suka rage, an yafe ke nan?"

Babur ya kusa kufce wa Halliru. Ya tsaya cak.

"Baba... wane wata goma sha huɗu?"

"Shekara huɗu aka ba shi, ya yi uku ba wata biyu. Ko na yi kuskure?"

"Wa ya gaya muku?"

"Shi da kansa, bawan Allah, bai sani ba." Tsohon ya tsinki ganyen gero yana murzawa. "Wasiƙarsa ta farko da ta zo, muka taru a ƙofar gidana, har da uwar, Malam Ƙasimu zai karanta. Ashe a can in an rubuta wasiƙa sai ta bi ta hannun ma'aikata sun duba, su buga mata hatimi a sama. Shi mai wasiƙar ba ya gani, ta riga ta bar hannunsa. Malam Ƙasimu kuwa ka san malamin makaranta, ba ya tsallake layi. Daga sama ya fara. Ya karanta hatimin da ƙarfi, ya fassara mana, gidan yari na gari kaza, sannan ya sauko: bayan gaisuwa mai yawa, ina nan Ikko na sami aiki. Sauran bayanin direbobin shanu suka kawo mana."

"Iya tana wurin?"

"Tana zaune kamar daga nan zuwa kukar can. Ba mai iya duban wani. Can sai ta gyara lulluɓi ta ce, 'Yaro ya ce yana Ikko. To yana Ikko.' Ta tashi ta tafi. Shi ke nan fa, Malam. Tunda mai ɗa ta faɗa, wa zai ce ba haka ba? Muka hana yara, muka gargaɗi mata. Gonarsa kuwa gayya muka riƙa yi mata duk shekara, shi yana can yana zaton surukansa ne."

Halliru ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Wata biyar na kwakwa da kifin zarto suka dawo masa a lokaci ɗaya.

"To ni fa, Baba? Kun san ko ni wane ne?"

"Haba, Malam Talala. Mu ma fa muna cin kasuwar Wudil."

"Amma kuka bar ni ina ta zuba! Teku, teku, kullum teku!"

"To ai kai ka zo da shi, kuma mun ga yana yi maka daɗi. Shi ma yaron in kana yi sai mu ga hankalinsa ya kwanta." Dattijo ya yi 'yar dariya. "Sabo ne dai ya sha wuya. Shekararsa tara yana dako a bakin ruwan Ikko, a can ya samo kafaɗun nan. Ya ce ruwan gishiri ne zalla, ko jaki ba ya sha. Ranar da ka shuka albasa a ciki sai da muka yi masa fifita bayan ka tafi."

Halliru ya dafa aljihun da fom yake. Muryarsa ta yi ƙasa. "Takardar nan, Baba, ba abin da na fassara muku ke ciki ba."

"Mun sani. Irinta ta je Dagumawa makon jiya, an gaya mana abin da ta ƙunsa. Shi ya sa liman ya tambaye ka. Mu abin da ke rubuce muka dangwala wa: mun sani, mun karɓa. Hannunmu a kan gaskiya yake." Ya dube shi da tausayi. "Fassarar kuwa taka ce, sai ka nemi gafara a kanta, mu ma za mu taya ka. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya masa mun sani. Wannan Ikkon ita ce rigar da ya dawo da ita, in ka tuɓe masa ba shi da wata."

Mutumin da ya rubuta "masu sauƙin kai" har ya ja layi a ƙasa ya ci gaba da tura babur, kansa a sunkuye.

A bakin hanya, inda turbar ƙauyen ta haɗu da ta mota, suka tarar da Iya Barakatu a tsaye da ɗan ƙulli a hannu, Gwadabe na bayanta. Fuskarsa ta washe, ya koma kamar yaron da aka yi wa sabuwar riga. Ta bayan kan uwarsa ya ƙifta wa Halliru ido, wato mun yi nasara, ba ta gane komai ba.

Tsohuwar ta miƙa ƙullin. "Ga 'yar daddawa, Malam, ka kai wa iyali. An ce yau aka rufe littafin abokin naka."

"An rufe, Iya."

"Alhamdu lillahi." Yau kam ta ɗaga ido ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "To in ka aika Ikko, ka gaishe min da su. Ka ce na gode da suka ba shi abinci da abin rufa, suka dawo min da shi da ransa. Amma ka ce musu ya bar aikin. Ko jirgi nawa ne suka zo, kada su sake aikowa."

Halliru ya jingine babur. Ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya rusuna.

"Zan gaya musu, Iya. Ba za su sake aikowa ba."

"Ka ji ko?" in ji ta, ba tare da ta waiga ga ɗanta ba. "Sai ka je ka wasa magirbi."

Gwadabe ya ce to, yana murmushi har kunne. Halliru ya kwance tsumman da ke kan tankin babur ya ɗaure daddawar da shi, ya buga ƙafa sau uku kafin injin ya tashi.